Hawan Hada da keke: giya, manhaja da abin da ke kwance a kan kwalta

Ɗan Rusaifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara kan hawan Hada, dutsen da ke kan hanyar Makka zuwa Ta'if, daga gindin dutse, wato daga Kar zuwa sama, cikin Disamba in Allah ya kai mu. Ga yadda keken yake: farantin gaba mai haƙora 52/36, kaset, wato jerin giyar baya, mai haƙora 11-28, Shimano 105 mai giya 11, birkin roba a kan rim na alminiyam, taya mai faɗin milimita 25. Nauyina kilo 78. Giyar nan za ta kai ni sama? Wace manhaja ce lissafin hawanta yake daidai? Sannan me ake tararwa a kan kwaltar, musamman a gangarowa?

Kawu Bakanike, Jidda: Wa alaikumus salam ɗana. Giyar za ta kai ka, amma gwiwarka ce za ta biya kuɗin. Bari mu yi lissafi. Taya 25 tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 36 a gaba da 28 a baya, duk juyin feda ɗaya yana kai ka mita 2.7. In kana tafiyar kilomita 9 a awa, wadda ita ce tafiyar mai matsakaicin ƙarfi inda dutse ya miƙe, ƙafarka tana juyi 55 kacal a minti. Wannan turin dutse ne, cinya za ta cika tun ba a je ko'ina ba. Sa kaset 11-34, juyin zai koma kusan 67. In ka ƙara da farantin 50/34 zai haura 70.

Kafin ka saya, duba na'urar canja giyar baya. In 105 ɗinka R7000 ce mai gajeriyar ƙafa, wadda suke rubuta wa SS, iyakarta haƙori 30. Mai matsakaiciyar ƙafa, GS, ita ke ɗaukar 34. Kuma sai da sabuwar sarƙa, domin tsohuwar za ta yi gajarta. A auna ta a kan babban faranti da babban haƙorin baya. Gajeriyar sarƙa, ranar da ka manta ka shiga babba da babba, tana iya karya mariƙin na'urar ta jefa ta cikin wili. Bayan an ɗaura, a daidaita sukurun da aka rubuta wa L don kada sarƙa ta tsallake babban haƙori ta faɗa bayan kaset, a kuma buɗe sukurun B har ƙaramin wilin sama ya daina gogar haƙorin 34.

Ɗan Rusaifa: Kawu, ta SS ce. Ke nan in tsaya a 30?

Kawu Bakanike, Jidda: In kuɗi ya matse, 11-30 ta fi 28, amma bambancin kaɗan ne. Canja na'urar ya fi maka arha a kan canja farantin gaba, kuma amfaninsa ya fi yawa.

Malam na Ta'if: Barkan ku da warhaka. Ni zan yi maganar yanayi, don a nan ake yawan kuskure. Makka tana wajen mita 300 sama da teku, Hada kuwa wajen 2,000. Ƙa'idar da aka sani ita ce zafi yana raguwa kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Mai tasowa daga Makka da safiyar Disamba zai tarar da sama ta fi sanyi da digiri goma ko fiye, ga rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ga iskar gangara. Yatsun da suka sandare ba sa jin birki. A sa rigar tare iska a aljihu da safar hannu mai rufe yatsu, a saka su kafin a fara gangarowa, kada a bari sai an fara rawar ɗari.

Na biyu hazo. A damunar nan tamu ta hunturu yakan sauko kan dutsen cikin ɗan lokaci har ka kasa ganin motar da ke gabanka, kuma hukuma takan rufe hanyar gaba ɗaya idan ruwa ko hazo ya yi yawa, a karkatar da motoci ta hanyar Sail. A duba gargaɗin Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa tun daren jiya, a sake dubawa bayan Asuba. In an sa wa Ta'if gargaɗin ruwa ko hazo, a fasa. In murur, wato ƴan sandan hanya, suka ce a juya, a juya ba musu.

Ranar da ta fi dacewa Juma'a ce da sassafe, da zarar gari ya waye. Lokacin hutun makarantu da lokacin furen wardi, Maris zuwa Afrilu, motocin masu yawon buɗe ido sun yi yawa. Masallacin miƙati na Wadi Muhrim yana sama, akwai ruwa da makewayi, wuri ne mai kyau na haɗuwa.

Injiniya, Riyad: Kan batun manhaja. Matsalar lissafin hawa yawanci daga na'urar take. GPS ya iya gane inda kake a shimfiɗe, amma a tsaye kuskurensa ya fi yawa, kuma a jikin dutse irin na Hada bangon dutsen yana tare rabin sama, siginar tana dukan dutse ta dawo. Shi ya sa za ka ga layinka ya tsallaka kwazazzabo a taswira. Idan manhaja ta ɗauki wannan karkataccen layin ta ɗora a kan taswirar tudu, sai ta ɗauka ka faɗa rami ka fito, ta ƙara maka ɗaruruwan mitoci da ba ka hau ba.

Na'urar keke irin Garmin Edge ko Wahoo Elemnt tana da ma'aunin nauyin iska, da shi take gane hawa, ya fi daidai nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa biyu. Akwai ƴan ƙananan huji a bayan na'urar, in gumi ko ƙura suka toshe su lissafi ya lalace, sai a ɗauraye da ruwa, kada a tsokana da allura. Sannan a kunna ta minti biyar a waje kafin a tashi, kada a fito da ita daga sanyin mota a danna farawa nan take. A saiti a zaɓi ɗaukar bayani duk daƙiƙa ɗaya, don a kwanoni masu lanƙwasa tsarin da ba ya ɗauka duk daƙiƙa yana yanke kwana ya rage maka nisa.

Ga wanda waya kawai gare shi: cire wa manhajar takunkumin tattalin batir, ka ba ta izinin sanin wuri a kowane lokaci. In ba haka ba, da allo ya mutu Android zai kashe ta, ka tarar da miƙaƙƙen layi daga gindin dutse zuwa sama. Wayar ta zauna a aljihun baya cikin leda. A kan kan keke rana tana gasa ta har ta kashe kanta.

Rabon aikin a wurina haka yake. Strava don adana tafiya da kwatanta lokaci. Ride with GPS ko Komoot don zana hanya a fitar da fayil ɗin GPX a tura wa na'ura. Taswirar da aka sauke a waya don inda babu sabis.

Baban Hafsa, Misfala: Injiniya ya gama magana, sai dai in ƙara abu biyu a kan Strava. Na farko, ku shiga saitin sirri ku ɓoye farko da ƙarshen tafiya. Wanda yake danna farawa a ƙofar gida kullum, ya kuma sa hoton kekensa, ya nuna wa duniya inda keken yake kwana. A Janairun 2018 taswirar Strava mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita suka fi bi ta tona wuraren sansanonin soja saboda sojojin da ke gudu da agogo a hannu, balle gidan mutum ɗaya. Na biyu, kunna Beacon, kyauta ne a waya, yana tura wa mutum har uku mahaɗin da za su riƙa ganin inda kake.

Ɗan Rusaifa: Na gode Yaya. To maganar yankunan tsere da ke cikinta fa, wato guntayen hanya da ake jera lokacin kowa a kansu? Ana cewa da su ake gane ƙarfin mutum.

Injiniya, Riyad: A hawa suna da amfani. Strava tana ninka tsawon hawa a mita da tsininsa cikin ɗari: in ya kai 8,000 aji na 4 ne, 16,000 na 3, 32,000 na 2, 64,000 na 1, daga 80,000 kuma ya wuce aji. A sauƙaƙe, hawan da ya tara mita 800 a tsaye ya shiga wannan na ƙarshen, kuma Hada ta wuce nan. Lambar da za ka sa wa ido ita ce mita nawa kake hawa a awa. Kai da keke da ruwa kun kai kilo 90. Hawan mita 600 a awa yana cin wat 147 a ɗaga nauyi kaɗai, ban da iska da gogar taya. A haka, duk mita 1,000 awa ɗaya ce da minti 40. Yi lissafin ruwanka da abincinka a kan wannan. Ka kuma sani a mita 2,000 nauyin iska kusan kashi 80 ne cikin 100 na bakin teku, don haka ƙarfin da kake da shi a Jidda ba zai biyo ka sama duka ba. Rabin farko ka tafi a yadda za ka iya magana.

Malam na Ta'if: A gangara kuwa ina roƙon ku don Allah ku rufe wannan shafin. Wanda ya kafa lokaci a gangara ba ka san ranar da ya yi ba, ba ka san ko an share hanyar a ranar ba, ba ka san motar da ya laɓe a bayanta ba. Manhajar ta tanadi yadda za a yi wa yanki alamar haɗari, a ɓoye jerin gwanayensa. Duk wanda ya ga yankin gangara a hanyar da motoci ke bi, ya sa masa alamar.

Mai Faci, Shari' Mansur: To ga kwalta, tunda ita ce tambaya ta uku kuma ita ce mai kayar da mutum. Ba rami ne babban abin tsoro a hanyoyin dutsen nan ba, ƙananan abubuwa ne.

Yashi da tsakuwa. Iska da ruwa suna zubo su daga jikin dutse, tayoyin mota su share su zuwa gefe, su taru daidai inda mai keke yake bi, da cikin kwana. Launinsu kusan ɗaya da kwalta idan rana tana ƙasa. Ka bi sawun tayar mota ta dama, nan ne ya fi tsabta. In ka tsinci kanka a kan yashi, miƙar da keken, saki birkin gaba, ka wuce a miƙe, sannan ka karya kwanar. Birkin gaba a kan yashi kana kwance cikin kwana, faɗuwa ce ba makawa.

Idon mage, waɗannan ƙusoshin masu ƙyalli da ake kafawa a kan layi. Taya 25 in ta hau ɗaya a gudun kilomita 50 tana iya tsinke tub a wuri biyu kamar saran maciji, in kuma a kwana ne ta zame. Kada ka tsallaka layi kana kwance.

Mahaɗar gada da ragar magudanar ruwa. Ƙarfe ne, in raɓa ta sauka a kai santsinsa kamar sabulu. Ka tsallaka su a miƙe, ka ɗan ɗaga daga sirdi, gwiwa da gwiwar hannu a sake, babu birki. Ragar da tsaginta ya bi tsawon hanya ita ce mafi muni, tana haɗiye siririyar taya. Haka fentin layi da baƙin kwaltar da ake tsiyayawa a tsagin hanya: da sanyin safiya santsi, da rana kuma ya yi laushi ya motsa a ƙarƙashin taya.

Mai da dizal. Motar da injinta ya yi zafi a hawa takan tsaya a gefe ta zubar da ruwa ko mai. In ka ga baƙin tabo mai sheƙi, ko launin bakan gizo bayan yayyafi, kauce masa tun daga nesa. Ruwan farko bayan dogon fari shi ne mafi haɗari, yana taso da man da ya daɗe a kwance. Washegarin ruwa kuma duwatsu ne a bayan kwana, wani kamar dunƙulen hannu, wani kamar kan mutum.

A hanyar da ke kai ka gindin dutse, inda manyan motoci ke bi, akwai ɓallin tayoyinsu. Siririyar wayar da ke ciki tana shiga taya ba a gani, ta riƙa sace iska a hankali. In ka yi faci, shafa cikin tayar da auduga ko tsumma, zai maƙale a kan wayar, ka cire da hantsaki. In ba ka cire ba sabon tub ɗin ma zai tafi.

Maman Sadik, Jidda: Malam Mai Faci, ka bar birai. A Hada gwaggon biri yana cikin haɗarin hanya. Suna zama a kan katangar gefe, masu mota su taka birki ba sigina don yara su gani, a buɗe ƙofa, a jefa ayaba da burodi duk da hukumar namun daji ta hana. Wurin da ka hango birai, ka ɗauka akwai motar da za ta tsaya, akwai ɓawon ayaba da fasasshiyar kwalba a ƙasa. Rage gudu, ba motar da ke tsaye tazarar fiye da mita ɗaya. Kada ka ci abinci a gabansu, kada leda ta leƙo daga aljihu, kada ka zuba wa babban namijin ido. In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Lambobi: 911 a yankin Makka, 997 motar asibiti ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar, kuma manhajarsu ta As'ifni tana tura musu inda kake. A riƙe iƙama, wato katin izinin zama, da takardar da aka rubuta lambar wani na gida. Hular kwanon da ta bugi ƙasa sau ɗaya ta gama aiki, ko ba a ga tsagewa ba.

Kawu Bakanike, Jidda: Mu dawo kan birki, don nan hankalina yake. Mai kilo 90 da ya gangaro mita 1,000 dole ya zubar da ƙarfin da zai kai kusan lita 3 na ruwa ga tafasa. Iska tana ɗauke wani kaso, sauran duk a birki yake ƙarewa. Mai tsoro da ya riƙe birki sako-sako tun daga sama har ƙasa shi ya fi tara zafi, domin iska ba ta taya shi, rim kuma ba ya samun sararin hucewa. Rim ya yi zafi, iskar cikin tub ta kumbura, roba ta yi sulɓi ta daina kamawa, wani lokaci tayar ta fashe.

Yadda ake yi: hannu a ƙasan kan keke, yatsa ɗaya ko biyu a kan birki, nauyi ya koma baya. Ka matse da ƙarfi kana miƙe kafin kwana, gaba da baya tare, na gaba ya fi aiki. Ka saki, ka shiga kwanar da fedar waje a ƙasa, ka danna ta da nauyinka, idonka a mafita. Tsakanin kwana da kwana ka miƙe zaune, ƙirjinka ya tare iska. Duk minti goma ka tsaya a wuri mai fili ka kai bayan hannu kusa da rim. In ba ya taɓuwa, jira. Rim ɗinka na alminiyam ne, ka yi sa'a. Mai rim na kabon da birkin roba, ko siririn tub na latex, kada ya gangaro Hada da su.

Masu birkin faifai, ku ma ba ku tsira ba. A Shimano, in abin da ya rage a takalmin birki bai kai rabin milimita ba a canja, faifan kuma in ya sauka zuwa milimita 1.5. Faifai mai faɗin milimita 160 a gaba. In hannun birki ya fara laushi yana zuwa kusa da kan keke, mai ya yi zafi ko iska ta shiga, a tsaya nan take. Sabon takalmi a gasa shi tukuna: gudu, matsewa da ƙarfi har kusan tsayawa, sau goma sha biyar zuwa ashirin a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Mai Faci, Shari' Mansur: Taya kuma, in firam ɗinka zai ɗauki 28, sa 28. A nauyinka iska geji (PSI) 70 a gaba, 75 a baya ta isa. A 25 kuwa 80 da 85. Masu bugawa har 110 suna ganin gudu suke ƙarawa, alhali tayar tsalle take a kan kwalta maimakon ta kama. Ka tuna kuma in ka buga a ɗaki mai sanyi, zafin digiri 30 da zai ƙaru a hanya yana ƙara kusan geji 9. Ni tubles, wato taya marar tub, nake ba da shawara saboda wayoyin nan, milimita 40 zuwa 50 na ruwan toshe huda a kowace taya, a duba duk wata biyu don zafin ƙasar nan yana busar da shi.

Baban Hafsa, Misfala: Mililita kake nufi Malam. Ni a nan na saɓa da kai kaɗan. Tubles yana da kyau, amma ba a mako biyu kafin babban hawa ba, kuma sai in rim ɗinsa an yi shi don haka. Ya tafi da abin da hannunsa ya saba: tub biyu, ƙarfen cire taya biyu, famfon hannu, faci da sholisho, mahaɗin sarƙa na giya 11, da ɗan guntun tsohuwar taya don toshe yanka.

Mai Faci, Shari' Mansur: Mililita, haka ne. Kuma na yarda, in rim bai dace ba a bar shi.

Maman Sadik, Jidda: Ruwa rabin lita zuwa kwata uku a awa, gora biyu, ɗaya da ɗan gishiri. Abinci giram 30 zuwa 60 na sitaci a awa, wato ƙananan dabino shida zuwa goma. A fara ci tun minti 30 na farko. Wanda yunwa ta kama a sama, hankalinsa ba ya tare da shi a gangara.

Injiniya, Riyad: Fitila gaba da baya ko da rana. In da hali, fitilar baya mai rada irin Garmin Varia tana hango mota daga mita 140 ta nuna maka a allo, tana da amfani sosai a gangara inda ƙarar iska ke toshe kunne, sai dai ba ta gani ta bayan kwana. Edge 1050 da ya fito a 2024 ya zo da gargaɗin haɗarin hanya, amma masu keke ne ke shigar da rahoton da hannunsu, inda ba su da yawa allon shiru zai yi. Rami ko dutsen da ya faɗo, a kira 938 na hukumar hanyoyi, in cikin gari ne 940 na baladiyya, wato hukumar gari.

Malam na Ta'if: Shawarata ta ƙarshe gare ka ƙanena, kafin Hada ka yi hanyar Shafa daga cikin Ta'if sau biyu ko uku. Ta'if tana wajen mita 1,880, Shafa ta haura 2,200, za ka saba da iskar sama da gangara ba tare da dogon bango ba. Masu tseren keke na AlUla da kake gani suna hawa Harrat Uwairid, inda Simon Yates ya ci gasar a 2024 da Tom Pidcock a 2025, an rufe musu hanya ne an share, ga motoci a bayansu. Kai a karon farko ka hau da keke, ka sauko a mota. Motar ta riƙa wucewa gaba tana jira a wuraren tsayawa, kada ta bi ka a hankali a baya ta tara jerin motoci.

Ɗan Rusaifa: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Zan sa GS da 11-34, in gwada 28 in ta shiga. Malam, ko za a samu wanda zai duba hanyar kafin ranar?

Malam na Ta'if: Za a samu in sha Allah. Ranar Alhamis da la'asar a bi ta a mota, na kujerar gefe ya riƙa sa alama a taswira duk inda aka ga yashi, dutse ko aikin hanya, a turo nan zaure da hoto. Injiniya ya shigar da su cikin GPX ɗin a matsayin wuraren gargaɗi, kowanne mita 200 kafin wurin.

Kawu Bakanike, Jidda: Kawo keken kwana goma kafin ranar, ba daren jiya ba. Sabuwar wayar giya tana ɗan saki bayan tafiya biyu ko uku, sai an sake ɗaure ta. Ka zo da sabbin robobin birki guda huɗu, a goge rim da sifirit a cire ƙananan ƙarafan da suka nutse a tsofaffin.